Katin da Ba Ya Aiki a Milwaukee

Yaya Ozella,

Jikata Sharonda ce ke rubuta mini, ga jariri a cinyarta. Ina gaishe ki. Ya gwiwar taki? Ya mutanen coci? Ki ce wa maƙwabcina Cleotis ya riƙa leƙa mini kajina.

Mu nan Milwaukee lafiya lau, sai sanyi. Yaron yana tsotso kamar ɗan maraƙi. Uwar ce dai, Sharonda, tun da ta haihu ƙafafunta suka kumbura, ga ciwon kai. Katin asibiti na gwamnati da ta haihu da shi can gida Arkansas, wai ba ya aiki a nan. Tunda mijinta ya samu aiki suka ƙauro, sai an sake rajista, a jira. Shi ciwon kai ya san wani jira ne?

Ga ta nan tana hararata, wai, "Kaka, ni ba zan rubuta wannan ba, gajiya ce kawai." Na ce, "Rubuta, sarkin taurin kai, wasiƙata ce ko taki?"

Yaya, kin tuna uwarta Earline. Ita ma da ta haifi yarinyar nan, abin da ta ce mana ke nan a baranda, gajiya ce kawai. Ke kika zaɓi rigar da aka binne ta da ita, ni kuma na raini wannan mai rubutun.

Ki sa a yi mana addu'a ran Lahadi. Na gaji, zan yi shiru haka. Yarinyar nan kuma ba za ta ƙara jin muryata ba sai ta tashi mun tafi asibiti, da kati ko babu.

Ƙanwarki,
Willadean