Motar da Ba Ta Kuka

Alhamis da dare, unguwar Faisal

Yau 'yata Hajara ta ɓoye min takalma. Rubutun nan ma hancina na goga takarda nake yin sa, haka idon ya koma.

Tun da na ajiye tuƙi, da kunne nake tsallaka titi. Bas, tuk-tuk mai ƙafa uku, tsohuwar tasi, kowacce na san kukanta tun daga nesa. Ɗazu zan je la'asar, na kasa kunne, shiru, na sa ƙafa. Sai ji na yi ƙarfe ya doki gwiwata. Motar lantarkin maƙwabcinmu Bashir ce, ko tari ba ta yi.

Ya rako ni gida. "Ma'alish, yi haƙuri, Baba. Fetur ne ya gagare ni, caji ya fi arha. Kowa ita zai koma."

Hajara ta ce, "Khalas, ya isa haka, Baba, ka daina sauka titi kai kaɗai." Na daka mata tsawa, na ce tun ba a haife ta ba nake taka titin nan.

Na san inda ta cusa takalman, bayan buhun shinkafa. Gobe Juma'a. Na ɗauko su, na daɗe tsaye bakin ƙofa, sannan na mayar da su da hannuna.