Farin Inabin Bakin Shinge

Zuwa ga ƙanena Otar,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya a Tbilisi, kai da iyali.

Ka ce baƙinka ɗanɗana ruwan inabin Baba kawai za su yi. Na yanka kaza, na gasa burodi da cuku, na buɗe musu randar ruwan inabin da ke binne a ƙasa. Ina ɗakin girki, ashe kana bayan gida da almakashi. Ka yanke wa jar kurangar inabin Baba rassa, ita da babu irinta a duk kwarin nan, ga ta ɗaya tilo. Ka kuma sare farin inabin bakin shinge don motarsu ta shigo. Otar, ka ci amanata, kuma da abincina a bakinka. Ka san da 'ya'yan jar kurangar nan zan cika randar bikin 'yata Eka.

Ka gai da matarka Manana.
Yayarka, Tsiala

*

Yaya Tsiala,

Gaisuwa da girmamawa. Haba Yaya, sai ka ce na kashe mutum! Reshe ai tohowa yake. Kamfanin baƙin nan zai dasa gona guda da rassan, jar zalla, har da sunan Baba a jikin kwalba. Wannan launi nata mai kamar jini, da ƙamshin nan, a ce sai mu kaɗai? Farin nan kuwa, tsami gare shi, ko tsuntsu ba ya ci.

Ki huce.
Otar

*

Yayata abar ƙauna,

Ina gaisuwa. Shekara huɗu ba amsa, na san laifina ne. Yaya, ina cikin matsala. Kurangun sun yi kyau, fure kamar me, amma sai ya kakkaɓe, ko nonon inabi ɗaya babu. Mutanen kamfanin sun ce na yaudare su. Me Baba yake yi wa jar kurangarsa? Don Allah ki faɗa mini.

Ƙanenki, Otar

*

Otar,

Muna lafiya.

Ba abin da Baba yake yi mata. Furenta mace ne zalla, ga shi tana makara, ba wanda ke fure tare da ita sai farin nan mai tsami. Shi ne mijinta. Baba ya faɗa mana, kana sauri za ka tafi birni.

Tawa kurangar ma ba ta sake haihuwa ba tun da ka sare shi. An yi bikin Eka ranar Lahadi, da ruwan inabin maƙwabta.

Ka huta lafiya.
Tsiala