Shafi Biyu da Gam Ya Manne

Zuwa ga ƙanena,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya yi wa nemanka albarka, Ya dawo mana da kai lafiya. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma faɗan da ta saba, ka san kuwa ranar da Inna ta yi shiru ita ce ranar da ake neman likita. Shago yana tafiya, na ƙara injin yankan katako, wancan tsohon zarton da na fara da shi na rataye shi a bango don 'yan baya su gani. Matarka da yara suna lafiya a ɓangarensu, ba abin da suka nema suka rasa.

Na zaɓi in rubuto ne saboda na gaji da wayarka. Duk ranar da na ɗauko maganar 'yarka Aku, sai layi ya lalace a wajenku, amma in hirar ƙwallo ce, tar nake jin ka kamar kana bayan ƙofa. To, takarda ba ta da matsalar layi. Ka zauna ka karanta, yayanka ne ke magana.

Mu muka sa wa 'yarka suna Aku don abin da ta ji sau ɗaya ya zauna. Muna ta dariya muna alfahari, ashe yarinya wahala take sha. Kwanakin baya ta zo shago bayan an tashi makaranta, ta zauna kan bencin da muke shan iska, na ce ta karanta mini littafinta in ji. Ashe gam ya ɗiga a kan littafin, shafi biyu sun manne. Ta buɗe su tare ba ta lura ba, ta ci gaba da zuba labarin shafin da ke rufe, yatsanta na bin layukan wani shafi daban, murya ko gargada babu. Na nuna mata kalma guda a tsakiya na ce mene ne wannan. Ɗan'uwa, yarinyar nan ta kalli kalmar, ta kalle ni, sai hawaye. Ta ce in fara mata daga farkon layi, za ta tuna.

Ni ban yi zurfi a boko ba, daga sakandare na kama zarto, kuma ban taɓa jin kunyar haka ba. Amma na san bambancin karatu da hadda. Washegari na bar aiki na tafi makarantarsu. Malamarsu ta ce ta daɗe tana zargin haka, abin da ya ɗaure mata kai shi ne Aku ta wuce gwajin tantancewar da aka yi wa 'yan aji biyu ba kuskure ko ɗaya. Da na dawo gida na matsa, sai gaskiya ta fito. Autana ma ɗan aji biyu ne, amma an gwada ajinsu kwana guda kafin ajin Aku. Kai ka bugo wa matarka ka ce kada ta kuskura 'yarka ta faɗi, ita kuma ta zaunar da autana ya yi ta maimaita abin da aka tambaye su, Aku ta haɗiye shi tas. Wato da ɗan cikina aka yi wannan aiki, a cikin gidan da na gina, ni ina shago ina shaƙar ƙurar katako! Wallahi ranar ko abinci ban iya ci ba.

Wa kuka cuta? Matar da ke gwajin? Ita ta tattara takardunta ta wuce wata makarantar. Na same ta na zauna da ita, mace mai hankali, ta yi mini bayani ba raini. Ta ce wannan gwaji ba a cinsa, ba a faɗuwa, rariya ce kawai. Yaron da ya tsaya a rariyar, sai a duba idonsa, a duba kunnensa, a duba yadda yake haɗa harafi da sauti, a gane inda gizo ke saƙar, sannan a ba shi malamin da zai bi da shi ta hanyar da ta dace da shi. Ta ce sau da yawa irin waɗannan yara kaifin basira gare su, shi ya sa suke iya ɓoyewa. Yaran da iyayensu suka bar su suka amsa da kansu, tuni an fara taimakonsu. Tamu kuwa an rubuta ba ta bukatar komai. Ko ni, ba na sa zarto a katako sai na ƙwanƙwasa na ji ko gara ta shiga. Ƙwanƙwasawa ba zagin katako ba ce. Wanda ya shafa fenti a kan ɓaraka, ranar da aka zauna kujerar zai ji kunya.

Matarka ta gaya mini abin da ka ce, wai ba za a rubuta 'yarka cikin dolaye ba, wai a danginmu ba mai taɓin ƙwaƙwalwa, wai me mutane za su ce. Waɗanne mutane? Su za su karanta mata takardar jarrabawa? Ai ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Baɗi littattafan sun fi kauri, ba mai karanta musu a aji sai su da kansu. Ita ma Aku ta san haka. Ta ce mini, Baffa kaɗai za ta gaya wa, duk ranar da malama ta shigo da sabon littafi takan roƙi Allah a fara tambayar na kusa da ita don ta ji ta kama. Yarinya ƙarama tana ɗauke da wannan kaya ita kaɗai, uban da ya haife ta yana can yana tsaron sunan dangi!

Ga abin da ake ciki. Matar da ke gwajin za ta dawo kafin a rufe zangon nan, ta yarda ta sake gwada Aku da wasu tambayoyi daban, amma sai da yardar uwa ko uba. Ni baffa ne, sun ce bakina bai isa ba, na haɗiye wannan ma. Matarka kuma ba za ta motsa ba sai ka ce. In aka wuce wannan karon, sai wata shekarar, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ban nemi komai daga aljihunka ba, ɗawainiyar kai Aku da dawo da ita duk a wuyana take. Kalma ɗaya nake nema, ka bugo wa matarka ka ce ka yarda, kuma kada kowa ya sake koya wa yarinyar amsa.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka ji tsoron Allah ka ci abinci. Antinka matata da yara suna gaisuwa. Ka gaida abokin zamanka mai dogon gemu, da maigidanku da ya riƙe ka da amana. Na ce wa Aku ta zo ta rubuta maka gaisuwa da hannunta a ƙasan takardar nan. Ta karɓi biro da murna, ta sunkuya, ta daɗe, sannan ta miƙo mini ta ce hannunta ke ciwo. Filin da ka gani a ƙasa ba mantuwa na yi ba, nata ne. Ka kalle shi da kyau kafin ka ce mini layi ba kyau.

Naka har kullum,
Yayanka, Mai Katako