Abin da ke cikin kan Auta

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Yayana abin girmamawa,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Malama da yara. Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana, Ya sa albarka a koyarwar da kake yi a jami'a. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana fita tsakar gida da sanda, ko da yake ta ce ita ke taimakon sandar, ba sandar ke taimakonta ba. Babbar 'yata ta gama jarrabawa, tana jiran sakamako. Na zaɓi in rubuto maimakon in kira, domin maganar ba ta son a katse ta, kuma ka san ni da kai a waya, kowa jira yake ɗan'uwansa ya ja numfashi ya karɓe zancen.

Maganar Auta ce. Ka ji labarin ciwon a bakin Inna, amma ta tausasa maka shi. Shanyewar ɓarin jiki ce, mai sauƙi in ji likita, yau kwana ashirin da uku. An sallame shi yana gida. Hankalinsa garau, yana tuna komai. Sai dai hannun dama ba ya jin magana, yatsun da suka shekara goma sha shida suna aikin kwamfuta yanzu ko cokali da ƙyar suke riƙewa. Magana kuma tana fita ɗaya-ɗaya, sai mai haƙuri ke jiran ƙarshenta.

Ban sani ba ko ka taɓa tambayar ainihin aikinsa a gidan jaridarmu. A ƙasan ofishina akwai wani ɗaki marar taga, mai sanyi kamar cikin firji, da ƙugin da ba ya yankewa. A nan sabobinmu huɗu suke, manyan na'urorin da komai namu ke ciki. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce shi kaɗai ya sauya musu babbar manhajar da ke tafiyar da su, ya mai da su kan Linux, ba wanda ya koya masa sai karance-karance da kuskuren kansa. Kowacce ya raɗa mata suna. Mafi tsufa ita ce Gwaggo, wai don sai an lallashe ta take tashi. A cikin Gwaggo taskar jaridar take, kowane shafi da muka buga cikin shekara arba'in, har waɗanda takardarsu ta riga ta ruɓe.

Wata huɗu kafin ya kwanta, hukumar gudanarwa ta ɗauko wata matashiya mai digiri biyu a fannin ta ɗora a kansa. Injiniya muke ce mata. Shi kuwa in ba ta nan Hajiya Kwali yake kiranta, in ta tambaye shi abu ya ba ta amsa rabi. Ranar da ya cika kwana goma sha ɗaya a asibiti, da hantsi, Gwaggo ta tsaya cak. Injiniya ta yi yini da rabi a ɗakin nan da rigar sanyi kafin ta gano dalili. Ashe wurin da na'urar ke rubuta bayanan abin da ke faruwa a cikinta ne ya cika maƙil. Ta ce mini duk wanda ya yi shekara guda a aji an koya masa ya saita na'ura ta riƙa share tsofaffin da kanta. Auta bai yi haka ba. Kowace Litinin da safe sai ya zauna ya karanta bayanan layi-layi, sannan ya goge su da hannunsa. Shekara goma sha ɗaya bai tsallake Litinin ko ɗaya ba, kuma ba wanda ya sani. Sai a ranar na gane abin da ya sa bai taɓa ɗaukar hutun da ya wuce kwana shida ba, mu kuwa muna ta yi masa tsiya wai ya auri ɗakin sanyi.

Na tambaye ta ko wannan jahilci ne, don ina son in ji gaskiya. Sai ta buɗe aljihun teburinsa ta nuna mini faifan ajiya guda biyar, kowane da kwanan wata a jikinsa. Ta ce duka biyar ya cire su ne tun kafin su mutu, domin a karatun Litinin ɗin nan yake ganin alamun gajiyarsu. Ta ce kuskure ne da mai digiri ba zai yi ba, kuma kula ce da ba a koya mata a ko'ina ba. Ban ƙara ko rage kalma a maganarta ba.

Yanzu ga inda ake. Hukuma ta zauna, ina wurin a matsayina na edita, ta ba da wa'adi zuwa ƙarshen wata, saura kwana goma sha biyu. Ko dai a rubuta duk yadda aka gina sabobin, dalla-dalla, yadda Injiniya za ta iya riƙe su, a bar Auta a matsayin mai ba da shawara, ko kuma a kira wani kamfani daga waje ya share komai ya ɗora wata manhaja. Kamfanin ya ce ba zai yi alkawarin taskar za ta tsallake lafiya ba, domin abin da ke haɗa shafukan da kwanakinsu Auta ne ya rubuta shi da kansa. In aka bi ta nan, kujerarsa ma ta tafi, tunda a fayil ɗinsa mataimakin mai gyara ne, da takardar sakandare kawai. Ban ga laifin hukuma ba. Gidan jarida ba zai dogara da kan mutum ɗaya ba, ko da mutumin ƙanena ne.

Da farko ya ƙi. Sau uku Injiniya tana zuwa gidansa da littafi da biro, yana juya fuska bango. Matarsa ta kira ni, na je na zauna a bakin gado. Ya ɗauki kusan kwatan awa kafin ya haɗa maganar. Ya ce abin da ke cikin kansa shi ne kwalinsa, ba shi da wani, kuma ranar da ya juye shi a takarda, abin da zai rage mutum ne mai hannu ɗaya. Yaya, ina cikin falo ranar da ya bar jami'a a aji biyu, na ji lokacin da ka ce masa zai ƙare yana jan waya a ƙarƙashin teburin masu ilimi. Ba don in tayar da tsohon zance na faɗa ba. Akwai gaskiya a tsoron da ka ji masa, ga shi takardar da ya raina ita ake nema a yau. Amma tun daga ranar, gaisuwar dole ce kawai tsakaninku, kuma ina ganin maganar nan ya yi ta ba wa amsa a ɗakin sanyi duk shekarun nan, ba tare da ka ji ba.

Kwana huɗu ke nan da ya yarda. Yana faɗa, tana rubutawa, in kalma ta maƙale ya nuna da hannun hagu. Sun kai shafi talatin da takwas. Jiya ta gaya masa wata dabara da ya ɗauka shi ya ƙirƙira tana da suna a littafi tun da daɗewa, sai ya yi dariya da rabin baki, ya ce ashe tun kafin a haife shi aka sace masa. Ita ce dariyarsa ta farko tun da ya kwanta. Yanzu Injiniya yake ce mata, ko a bayan idonta.

Amma ya gindaya sharaɗi, kuma shi ne dalilin wannan wasiƙa. Ya ce ko shafi ɗaya ba za a miƙa wa hukuma ba sai ka karanta. Na ce masa lokaci ya ƙure, kana da nisa, ga aiki a kanka. Ya ce ya sani. Na ce in shawara yake so Injiniya ta isa. Ya ce ba shawara yake nema ba. So yake ka ɗauki jan biro ka duba aikin kamar yadda kake duba na ɗalibanka, inda ya yi kuskure ka ja layi, a ƙarshe ka rubuta masa ko ya ci ko ya faɗi.

Na haɗa shafukan da wannan takarda, sauran za su biyo ta imel da zarar sun gama. Ina roƙonka abu biyu. Ka amsa kafin wa'adin ya cika, domin na san taurin kansa, in bai ji daga gare ka ba zai bari a share Gwaggo yana kallo. Sannan kada ka sassauta masa don yana kwance. Zai gane, kuma hakan zai fi masa ciwo a kan a ce ya faɗi.

Inna tana gaishe ka, ta ce a tambaye ka ko har yanzu kana wasa da cin abinci. Matar Auta da 'yan biyunta suna gaisuwa, haka maigidana da yara. Ka gaishe mini da Malama, ka shafa kan ƙaramarku. Amsar kuma kada ka aiko ta hannuna. Ka rubuta sunansa a kai, idonsa lafiya lau, zai karanta da kansa.

Allah Ya ba shi lafiya, Ya bar zumunci.

Taka ƙanwa,
'Yar Jarida