Zanen da Ke Jikin Tsamiya

Daga Barira a Kukawa zuwa ga ƙanena Sa'idu a Haɗeja. Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Inna? Yaya matarka Yagana da yara?

Ni lafiya lau. Ina rubuta wa malamai littattafai suna ba ni abinci. Idona ne dai ya fara gajiya.

Na ji fatake sun dawo sayen shinkafa. Ka tuna shekarar yunwa. Na auna ruwa da zanen da Baba ya yi a jikin tsamiyar bakin kogi, na ce ba zai kai fadama ba, a tara hatsi rumbu ɗaya mu ci tare. Fatake suka ce kowa da kayansa. Liman ya ce ciniki halal ne, wai ni kuwa ina da'awar sanin gaibu. Haka aka sayar musu da hatsin. Littafin da ya karanta na karanta, ban ga inda aka halatta yunwar da ta kashe ɗana Ari ba.

Ka je ka duba zanen nan. In ruwa bai taɓa shi ba, kada ka sayar ko mudu. In ka biyo ta kabarin Ari, ka yi masa addu'a.

Allah ya tsare ku. Wassalam.