Rasuwar Hajiya Sake-Gwadawa da Makomar Darasinta na Ƙarshe

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, Majalisar Amintattu ta Cibiyar Horar da Shugabannin Ma'aikata, a madadin Mai Girma Shugaban Majalisa, da Babban Darakta, da ɗaukacin ma'aikata, tana sanar da jama'a cewa ta sami labarin rasuwar Shugabar Sashen Horo ta Intanet, wadda aka fi sani da Hajiya Sake-Gwadawa, bayan gajeruwar rashin lafiya. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Marigayiya ce ta tsara darussan da shugaban ofis zai zauna gaban kwamfuta ya koyi yadda ake auna ƙwazon ma'aikaci ba tare da an ci mutuncinsa ba. Ma'aikaci zai bayyana a allo da uzurinsa, shugaba ya zaɓi amsar da zai ba shi, nan take ya ga abin da amsarsa ta haifar. Wanda ya zaɓi tsawa zai ga mutumin ya sunkuyar da kai ya fita, sannan muryarta ta ce, "Ranka ya daɗe, sake gwadawa." Ta hana a sa kalmar "ka faɗi" a ko'ina cikin darussan, kuma daga nan laƙabinta ya samo asali.

Mu tsofaffin da muka yi ritaya tun zamanin tafireta, ita ce ta nemo mu domin mu fito a cikin darussan a matsayin ma'aikata masu taurin kai. Waɗanda gwiwa ta hana hawa benen Cibiya, har ɗakunansu take zuwa da kyamara, ta gyara musu matashi, ta ce, "Baba, ƙara ɗaure fuska, ka yi kirki da yawa." Wasunmu sukan yi makonni ba wanda ya buga musu ƙofa sai ita.

Ajali ya riske ta darasi ɗaya bai kammala ba, wato na yadda shugaba zai yi da ma'aikacin da aikinsa ya ja baya saboda rashi ko jinya a gida. An yi shawarar a jingine shirin darussan baki ɗaya, an kuma yi shawarar a cire muryarta a sa wata, gudun kada a fama wa iyali ciwo. Majalisa ta bar hukunci a hannun maigidanta da 'ya'yanta. Amsarsu ita ce a bar muryar inda take, kuma babbar 'yarta ta amince za ta karanta darasin da ya rage.

Saboda haka za a buɗe shirin a sabon zango, in Allah Ya yarda. Haka nan Majalisa ta ɗage tantance ƙwazon ma'aikatan sashenta na wannan zangon, kuma tana roƙon duk shugaban da ya ga ɗayansu ya yi shiru a gaban kwamfuta da ya ƙyale shi ya huce.

Muna addu'ar Allah Ya jiƙanta, Ya sa Aljanna ce makomarta, Ya ba maigidanta, da 'ya'yanta, da mahaifiyarta haƙurin jure wannan babban rashi, Ya kuma ƙarfafa zuciyar 'yarta ranar da za ta zauna gaban makirufo.

Sa hannu:
Baba Magatakarda,
Kakakin Majalisar Amintattu.