Malamar Ɗana Ni Take Rubutawa a Littafinta

Adda Yusrah, ki taimake ni kafin in yi aika-aikar da matata za ta riƙa ba jikoki labari.

Ni mai faci ne a Jimeta. Karatuna a aji biyu na sakandare ya tsaya, shi ma malamai ne suka yi haƙuri. Daga Mubi muka gudo a 2014, muka yi wata bakwai a sansani kafin mu samu ɗaki a Demsawo. Abu ɗaya na koya a can: wanda ya zo da littafi da biro, ya tambayi sunanka, ya ɗauke ka hoto, kun rabu ke nan. Hotona kam ya je ƙasashen da ni ban je ba.

Ɗana Taufiq shekararsa bakwai, bai taɓa cewa Baba ba. Likita ya ce otizim ne, ba na allura ba ne, sai horo. Shekara biyu muna neman mai horon, wannan ya ce Abuja, wancan ya ce Jos, kamar mai faci yana da jirgi. Daga baya aka haɗa mu da wata Malama Liyatu ta Karewa, muka jira wata takwas kafin layi ya zo kanmu.

To, aikin nata ne ban gane ba. In yaro ya miƙa mata hoton kofi, ta ba shi ruwa, ta tafa, ta ƙara da ƙuli-ƙuli. Ni dai haka na ga ana yi wa biri a tasha.

Wannan duk da sauƙi. In Taufiq ya fara buga kai da bango, ina da maganina: in kifa roba a ka, in yi tafiyar agwagwa, sai ya tsaya yana dariya. Nan kaɗai na fi uwarsa. Malama ta ce in daina. Ranar Juma'a ta fita wanke hannu, na leƙa littafinta. Turancina gurgu ne, amma na san kalmar Baba in na gani. Layina maki goma sha huɗu, na yaron shida. Ashe ni ake rubutawa. Wa za ta kai wa? Cewa za a yi uban ne mai taɓin hankali, a ɗauke min yaro? Ina so in sallame ta, matata ta ce in na yi, ranar za a ba wani gurbinmu.

Mai Faci, Demsawo

Baban Taufiq, zarginka ba daga sama ya faɗo ba, kuma kana da haƙƙin tambaya. Ranar da kuka sake haɗuwa ka zaunar da ita. Ina ta yi karatun aikin? Wa yake ganin littafin? Me take so yaron ya iya nan da wata uku? Mai gaskiya za ta buɗe maka shafin da kanta. In ta yi ɓoye-ɓoye, ko ka ga tana tilasta shi har yana tsoronta, ka sallame ta, ina bayanka.

Ƙuli-ƙulin na farawa ne, ya kamata ya riƙa raguwa. Ka sa ido. Buga kan kuma likita ya duba, wani lokaci haƙori ne ko kunne.

Makin nan kuwa, ban ga alamar ƙwace yaro a ciki ba. Ina jin lissafi take yi: sau nawa agwagwa take fitowa bayan an buga kai. Yaron da ba shi da magana yakan riƙe duk abin da ya yi masa aiki, kuma mai yiwuwa Taufiq ya gano cewa bango ne yake kawo masa babansa.

Don haka ka tsare kansa in ya fara, ba tare da wasa ba, amma kada agwagwa ta yi ritaya. Ka sa malama ta ɗauke ka hoto da robar a ka, ta haɗa da na kofi. Duk lokacin da ya miƙo maka shi, ko kana tsakiyar cin tuwo ne, ka tashi ka yi. Wannan hoton ba zai je wata ƙasa ba, a hannun ɗanka zai zauna, kuma ranar da ya miƙo shi, to ya ce Baba ke nan.

Allah Ya raya Taufiq. Ka gaida uwarsa, ta fi ka gaskiya a kan gurbin.

Adda Yusrah